Mu'aggibin Shara Mansur da shagon tsiren surukina

In takarda kawai kake so a cika maka, ba sai ka wahalar da kanka zuwa ofishin nan ba. Sijil, wato takardar rajistar kasuwanci, a Saudiyya yanzu ta waya ake fitar da shi, ka shiga da Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, ka bi layi-layi, kuma babu gidan da za a rasa yaron da ya iya. Amma in ku da yawa ne a kan dukiya ɗaya, kowa da inda ya sa gaba, ba ku ma san wane irin tsari doka ta tanadar wa irinku ba, to kuɗin da za ka ba mu'aggibin nan, wato mai bin wa mutane takardunsu a hukumomi, bai faɗi ƙasa banza ba. Ba zan kama sunansa ko na ofishin ba, don ina da ƙorafi a kansa kuma bai san zan rubuta ba. Duk wanda ya daɗe a Makka ya san irin waɗannan ofisoshin a lungunan Shara Mansur: ɗaki guda a saman bene, tebura biyu, na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara, da samari biyu a gaban kwamfuta. Mai wurin Bahaushe ne ɗan ƙasa, daga cikin waɗanda kakanninsu suka zo aikin Hajji ta Sudan suka zauna. Hausarsa ta Makka ce, rabi da rabi da Larabci, amma tana isa inda ake so.

Abin da ya kai mu shi ne rasuwar surukina, Allah ya jiƙansa. Ya bar shagon tsire mai ciniki, wanda Larabawan Hijaz ma suke layi a kansa bayan isha'i. Ya bar mata biyu, da Yaya wadda ita ce babbar 'yarsa, da matata, da maza biyu manya, da ƙananan yara a ɗakin amarya. Cikin mazan, ɗaya malami ne a makarantar gwamnati, ɗayan kuwa tun yana yaro a bakin wutar shagon ya tashi. Ni suruki ne, ɗan Kano mai igama, ba ni da ko sisi a gadon. An tafi da ni ne saboda aikina lissafi ne a wani kantin turare, kuma Yaya ta ce tana son wanda zai riƙa rubuta abin da aka faɗa.

Shagon da sunan Baba shi kaɗai yake, abin da ake kira mu'assasa fardiyya. Galibin ƙananan shagunan ƙasar nan haka suke, daga mai aski har mai gyaran mota, don buɗewarsa babu wuya kuma ba ka shawara da kowa. Wahalarsa sai ranar da mai shi ya faɗi. Banki ya rufe asusun, igamar ma'aikatan da ke yanka nama tana ƙarƙashin sunan mamaci, mai kawo nama yana bin bashi. Ƙaramin ƙanin matata, mai riƙe da shagon, ya zo da shawararsa tun daga gida: a mayar da sijil ɗin da sunansa, ya ci gaba da juyawa, duk ƙarshen wata ya ba kowa rabonsa bisa amana. Yawancin dangi sun yarda, don yaron ba shi da abin zargi.

Mai ofishin ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya juya wajen Yaya. "Hajiya, ba a kan amanarsa nake magana ba. A mu'assasa, doka ba ta san shago daban mai shago daban ba. In an sa sunansa, shagon nasa ne a takarda, ku ba ku da komai sai bakinsa. In bashi ya hau shagon, motarsa da gidansa za a bi. In shi ya ci bashi a wani wuri can, shagonku za a kama. In kuma Allah ya ɗauki ransa, 'ya'yansa ne magada, ba ƙannensa marayu ba." Ɗakin ya yi tsit. Wata guda ana jayayya a gida ba wanda ya iya faɗin wannan, don duk wanda ya faɗa za a ce yana zargin ɗan'uwansa. Baƙo ya faɗa a minti biyu, kuma ba wanda ya ji haushi. Rabin kuɗin da muka biya, a wurina, na wannan maganar ne.

Daga nan ya jawo farar takarda ya zayyana mana kamfanonin da dokar 2022 ta amince da su, wadda ta fara aiki a Janairun 2023. Biyar ne. Biyu na masu hannun jari ne: babban, wanda jarinsa ba ya kasa riyal 500,000, irin wanda ake iya kai wa kasuwar hannun jari ta Tadawul, da sabon mai sauƙin tsari da aka ƙirƙiro musamman don masu tasowa da ke neman masu zuba kuɗi. Waɗannan ya tsallake su da sauri, ya ce ba na mai tsire ba ne tukuna, kuma gaskiyarsa. Inda ya tsaya shi ne sauran ukun.

Tadamun shi ne wanda ya fi kama da yadda 'yan kasuwarmu na Kwari da Kurmi suka saba haɗa gwiwa: mu biyu ko mu uku, riba tare, asara tare. Sai dai a nan "tare" ɗin yana da haƙori. Kowane abokin tarayya yana ɗauke da bashin kamfanin gaba ɗaya a cikin dukiyarsa ta kansa, mai bin bashi yana iya barin wanda ya ci kuɗin ya kama wanda ya fi maiƙo. Tausiya basiɗa kuwa gida biyu ce: mai gudanarwa ya ɗauki nauyin duka, mai zuba kuɗi ya tsaya a iya abin da ya zuba amma ba ya sa hannu a gudanarwa. Na ga idon malamin makarantar ya ɗan yi haske a nan, sai dai wannan tsarin zai ɗora wa ƙaninsa dukan haɗari shi kaɗai, kuma Yaya ta ce ba ta yarda ba. Saura kamfani mai iyakantaccen alhaki, zat mas'uliyya mahduda, inda kamfanin yake mutum ne mai zaman kansa a idon doka, yana da asusunsa da bashinsa, kowane mai kaso kuma ba ya asarar fiye da kasonsa. A nan muka tsaya. An raba kaso yadda shari'a ta raba gadon, matan Baba suka shiga da tumuninsu, yaran amarya suka shiga ta hannun waliyyinsu da takardar kotu, aka naɗa ƙaramin ya zama manaja mai albashi a rubuce, daban da ribar kasonsa. Malamin makaranta, wanda dokar ma'aikatan gwamnati ta hana shi buɗe sijil da sunansa, yana iya riƙe kasonsa matuƙar ba shi ke gudanarwa ba. Wannan ma mai ofishin ne ya tuna, mu ba mu kawo shi a rai ba.

Abin da bai faɗa da ƙarfi ba, kuma ya kamata ya faɗa, shi ne kamfani yana da ɗawainiyar da mu'assasa ba ta da ita. Akwai bayanan kuɗi na ƙarshen shekara da ake shigarwa, akwai zaman masu kaso, ba a sake zura hannu a aljihun shago a biya kuɗin asibitin wani a ce za a mayar. Dokar ta sassauta wa ƙananan kamfanoni wajen ɗaukar mai binciken lissafi, amma ba ta yafe musu riƙe littafi ba. Na lura mutumin yana da son tura kowa wannan tsarin, har wani tela da muka tarar mai keke biyu da yaro ɗaya. Ga magada goma sha, daidai ne. Ga tela, ban ga abin da zai ƙara masa ba sai takardu, ga shi kuɗin hannun ofishin a kan kamfani ya ninka na mu'assasa. Ban ce don haka yake yi ba, amma mai zuwa ya san da wannan.

Inda ya fi burge ni shi ne inda ya hana ni abin da nake so. Na daɗe ina tara ɗan abin da na tara, kuma akwai maganar buɗe reshe na biyu wajen Rusaifa. Yaya, da kyakkyawar niyya, ta ce ai mai sauƙi ne: in zuba kuɗina, a rubuta da sunan matata tunda 'yar ƙasa ce, ni in riƙe reshen in riƙa cin ribarsa. Kowa ya san shagunan baƙi da yawa a garin nan a kan irin wannan suke tsaye, wani da sunan kafilinsa, wani da sunan matarsa, wani yana biyan ɗan ƙasa kuɗin wata don aron suna. Mai ofishin ya ajiye biro ya kalle ni. "Malam, wannan shi ne tasattur, ko da matarka ce ta sunna. Ba a ofishina ba." Ya ce dokar da aka sabunta a 2020 ta kai hukuncin har ɗaurin shekara biyar da tarar da ta kai riyal miliyan biyar, ana iya ƙwace abin da aka samu, baƙon kuma a fitar da shi daga ƙasar. An ba da lokacin gyara, aka rufe a Fabrairun 2022. Kuma yanzu ba sai wani ya kai ƙara ba: kuɗin kati yana shiga asusu, rasit na lantarki yana zuwa hukumar zakka da haraji, ana ganin wanda ke juya kuɗin da wanda ke aika su waje.

Hanyar halas tana nan, sai dai ba ta talaka ba ce. Baƙo yana shiga kamfani ne ta Ma'aikatar Zuba Jari, da sharuɗɗanta, kuma da zarar ya shiga lissafin ya rabu biyu: kason ɗan ƙasa zakka ake cira a kansa, 2.5 cikin ɗari, kason baƙo kuwa harajin riba ne, 20 cikin ɗari. Ko kuma mutum ya sayi igama ta musamman da aka fito da ita a 2019, wadda ta dindindin ɗinta riyal 800,000 ce. Na yi dariya, shi ma ya yi. Na san ofisoshin da za su karɓi kuɗina su rubuta abin da na ce, ran da ta ɓaci kuma su ce ba su taɓa ganina ba. Matata ce, uwar 'ya'yana, za ta tsaya gaban mai tuhuma, ba su ba. Reshen dai kamfanin zai buɗe shi da kuɗinsa in ya tara, kuma tun da sabuwar dokar sijil ta fara aiki a Afrilun 2025 ba a buƙatar sijil daban ga kowane reshe, guda ɗaya ya wadatar a faɗin ƙasar, sai dai a tabbatar da bayanansa duk shekara. Lasisin baladiyya, wato hukumar gari, da shaidar lafiyar masu taɓa abinci kam kowane wuri da nasa.

Yanzu ga inda ya gaza. Baba ya saba duk lokacin Hajji da azumi yana fitar da abinci sadaka, kuma yana da marayun unguwa da yake ɗauke da su ba tare da kowa ya sani ba sai bayan rasuwarsa. Kawu, ƙanin mahaifiyar matata, ya ƙudurta kada abin ya mutu. Tunaninsa irin na gida ne: a kafa ƙungiya da sunan marigayi, a buɗe zaure a WhatsApp, a sa lambar asusun mutum ɗaya, masu hali su riƙa turowa. Haka muke yi a Kano, in abin ya girma a je hukumar rajistar kamfanoni a yi masa rajistar amintattu. Mai ofishin ya san abu ɗaya tabbas, kuma ya faɗa da babbar murya: tara gudummawa a asusun mutum ba tare da izini ba laifi ne a ƙasar nan, kada Kawu ya kuskura. Wannan ya kyauta. Bayan haka sai ya fara lalube. Ya cakuɗa jam'iyya da mu'assasa ahliyya, nau'i biyu na ƙungiyoyin taimakon jama'a, kamar abu ɗaya ne, ya ce mu nufi ma'aikatar kula da ma'aikata da walwalar jama'a, alhali rajistar irin waɗannan ta koma hannun cibiyar ƙasa ta bunƙasa ɓangaren da ba na riba ba. Da Kawu ya tambaye shi wakafi, sai ya ce wannan maganar malamai ce da kotu.

'Yar Yaya, mai karatun shari'a a jami'ar Ummul Ƙura, ita ta warware mana a gida. Jam'iyya ahliyya, a dokar 2015, mutum goma ne 'yan ƙasa aƙalla suke kafa ta, tana da babban taro da majalisar gudanarwa da ake zaɓa, ba mallakin kowa ba ce, ko wanda ya kafa ta ana iya kayar da shi a zaɓe. Mu'assasa ahliyya kuwa mutum ɗaya ma yana iya kafa ta, amma da dukiyarsa da ya keɓe, irin abin da manyan attajirai ke yi. Wakafi shi ne ka tsayar da asalin dukiya ba a sayarwa ba a gada, amfaninta ya tafi inda ka ce, da mai kula da aka naɗa, ƙarƙashin sa idon hukumar wakafai. Makka cike take da shi, hasumiyar agogon da ke gaban Harami ma a kan wakafin Sarki Abdul'aziz take, kuma Sulaiman Al-Rajihi ya mayar da kaso mai yawa na dukiyarsa wakafi tun yana raye. Har ila yau dokar kamfanoni ta 2022 ta kawo kamfanin da ba na riba ba, wanda ke kasuwanci amma abin da ya samu ya koma ga manufar da aka kafa shi dominta. Mutumin da sana'arsa kafa kamfanoni ce bai ambaci wannan ba ko sau ɗaya. Gwamnati ta sa wa kanta burin ɗaga wannan ɓangaren daga ƙasa da 1 cikin ɗari na tattalin arziki zuwa 5 cikin ɗari nan da 2030, don haka masu zuwa da irin tambayar Kawu ƙaruwa za su yi, ya kamata ya zauna ya karanta.

Ba mu kafa komai ba a ƙarshe. Magada manya suka amince kowa ya ware wani abu daga ribarsa, ban da kason marayu da ba a taɓawa, ana bai wa wata jam'iyya mai lasisi a unguwar, wani kuma ta Ihsan, manhajar sadaka ta gwamnati. Rabon abinci ga alhazai ma ashe ba a tashi kawai a yi, akwai kwamitin shayarwa da ciyarwa a ƙarƙashin masarautar yankin Makka da ke ba da izini. Kawu bai ji daɗi ba, yana ganin sunan Baba ya ɓace a cikin na wasu. Har yanzu yana maganar a sayi ɗan gida a yi wakafinsa.

Ɓangaren gwamnati bai ɗauke mu lokaci ba, amma bayaninsa ya yi amfani. Sabon manajan namu yana mafarkin kwangilar ciyar da ma'aikata, kuma a wurinsa duk abin da ke da tambarin dabino da takubba gwamnati ne. Mai ofishin ya rarrabe masa. Ma'aikata ko hukuma, kwangilarta ta dandalin I'timad take fita, kuma kafin ka shiga sai ka nuna shaidar zakka, da ta inshorar ma'aikata, da ta cika adadin 'yan ƙasa da ka ɗauka aiki. Kamfanin da gwamnati ta mallaka kuwa kamfani ne, yana da nasa tsarin rajistar masu kawo kaya: irin su Kidana mai kula da gine-ginen Mina da Arfa, ko tarin kamfanonin da ke ƙarƙashin asusun zuba jari na gwamnati. Aramco ma da ta sayar da 1.5 cikin ɗari na hannun jarinta a Disambar 2019 ba ta tashi daga ta gwamnati ba, ta dai samu ƙananan abokan tarayya. Waɗanda alhazanmu ke kira Mu'assasa kuwa, masu tanti da abinci a Masha'ir, ba gwamnati ba ne sam. Zuriyar muɗawwifai ne, masu jagorantar alhazai tun da can, da aka mayar da cibiyoyinsu kamfanonin hannun jari, Ma'aikatar Hajji da Umara tana sa musu ido. Ya ce wa yaron in yana neman ƙofa, wannan ta fi kusa da mai tsire, amma ya fara gyara kicin ɗinsa.

Maganar kuɗi da mu'amala. Kuɗin hannunsa a kan mayar da mu'assasar kamfani riyal 2,500 ya ce da baki, ban da abin da hukumomi ke karɓa. Babu farashi a rubuce a bango, kuma da aka zo canja sunan ma'aikata zuwa sabon kamfanin sai ga ƙarin 600 da ba a ambata ba tun farko. Aikin an yi shi, ba cuta ba ce, amma da an faɗa da wuri da Yaya ba ta ɓata rai ba. Rasit sai da na tambaya. Mutumin da ya gama yi min wa'azin rasit na lantarki! Saƙon WhatsApp kuwa ka tura ka manta, in kana son amsa ka taka ka hau benen, bayan la'asar ya fi, don da rana ba ka samun kowa sai yaran. Benen ma matsala ne: uwargidan Baba ba ta iya hawa ba, wurin zaman mata babu, sai da aka yi mata wakilci ta Najiz, dandalin Ma'aikatar Shari'a, ɗanta ya sa hannu a madadinta.

Abu ɗaya da ban so ba ko kaɗan: ɗaya daga cikin samarin ya nemi matata ta ba shi kalmar sirrinta ta Absher, manhajar harkokin mutum da gwamnati, "don a yi sauri". Ta ƙi, ta ce duk abin da ake so a turo ta amince a wayarta tana gani. Da maganar ta kai ga mai ofishin ya tsawata masa a gabanmu, amma yadda yaron ya tambaya ba tare da ɗar ba ya nuna ba ranar ya fara ba. Kada ka ba kowa, ko a wane ofishi.

Mai zuwa a kan gado ya riƙo takardar ƙididdige magada, da ta waliyyin yara in akwai ƙanana, da wakilcin duk wanda ba zai iya zuwa ba, da jerin bashin da ke kan shagon, don abin da zai fara tambaya ke nan. Ya kuma nemi a rubuta masa dukan kuɗin aikin kafin a fara. Maganar ƙungiya ko wakafi a kai ta wani wuri. Lissafin zakka da harajin kaya na 15 cikin ɗari, wanda ya wajaba a kanmu tunda cinikin shagon ya haura riyal 375,000 a shekara, shi da kansa ya ce ba fanninsa ba ne, ya ba mu lambar wani akanta a Aziziyya.